Yadda za a inganta gwajin antibodi na cututtukan tsutsa

Aikina a ɗakin gwaje-gwaje yake, kuma ba abin da ke damuna da gwajin antibodi kamar yadda yake ɗora wa lafiyayye cutar da ba shi da ita. Gwajin nan ba tsutsar yake gani ba. Abin da jiki ya ƙera don yaƙarta yake gani, shi kuwa kamar tabo ne, yakan daɗe bayan miki ya warke. Wanda ya sha maganin praziquantel ya rabu da tsargiya, jininsa na iya nuna antibodi har shekaru.

Saboda haka ka fara tsayar da abin da kake nema. In so kake ka san wa ke ɗauke da tsutsa yau, nemi ƙwai a fitsari ko bayan gida, ko ka yi gwajin antijin, wato sinadarin jikin tsutsar kanta, irin POC-CCA da ake yi da fitsari don tsutsar tsargiya. In kuwa so kake ka san ko cutar na yawo a gari har yanzu, nan ne antibodi ke da amfani, kuma jinin yara za ka ɗiba, don duk abin da ka gani a jikinsu kwanan nan suka gamu da shi.

Sai zaɓen antijin da zai kama antibodin a gwajin. Tsohon salo shi ne a niƙa tsutsa ko ƙwanta a shafa a farantin ELISA, wato farantin da ake zuba jini don gano antibodi. Yana kama masu cutar sosai, amma yana kama har da waɗanda ba ruwansu, domin tsutsotsi da yawa suna da sukari iri ɗaya a jikin furotin ɗinsu. Mutumin ƙauyenmu kuwa da wuya ka same shi da tsutsa ɗaya tal. Ga macijin ciki, ga tsargiya, wataƙila ga tsutsar Mansonella a jini. In dole ne ka yi aiki da niƙaƙƙen antijin, wanke farantin da sodium periodate yana lalata sukarin. Amma abin da ya fi shi ne furotin guda da aka haɗa a ɗakin gwaji: Ov16 don makantar kogi, Wb123 don tundurmi, NIE don tsutsar hanji Strongyloides. Ka kuma nemi nau'in antibodin da ake kira IgG4 maimakon dangin IgG gaba ɗaya. Kuskurensa ya fi kaɗan, ko da yake akwai masu tsutsar da jikinsu ba ya yin IgG4 ɗin, waɗannan za su kuɓuce maka.

Inda aka fi yin sakaci shi ne iyakar da ke raba mai cuta da marar cuta. Na sha ganin an ɗauki lambar da aka fitar da jinin Turawan da ba su taɓa shiga rafi ba, an ɗora wa yaranmu. Wannan ba adalci ba ne. Ka tara jinin mutanen nan gida daga inda cutar da kake nema ba ta taɓa zuwa ba, amma akwai maleriya da sauran tsutsotsi, ka haɗa da jinin waɗanda aka tabbatar suna da ita, sannan ka ja layin. Ga dalili. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2016 ta ce kafin a daina rabon ivermectin, maganin makantar kogi, a gwada yara kusan 3,000 'yan ƙasa da shekara 10, a tabbatar masu antibodin Ov16 ba su kai kashi 0.1 cikin 100 ba. Gwajin da ke kuskure sau 1 cikin 100 zai ba ka yara 30 na ƙarya, ka ci gaba da rabon magani a garin da ya riga ya tsira. Shi ya sa hukumar ke son sabon gwaji ya wanke marasa cuta da aƙalla kashi 99.8.

Ɗibar jinin ma aiki ce. Ɗigon jini a takardar tacewa ya bushe sarai a inuwa, kada rana ta taɓa shi. Da damina laima kan sa ya yi funfuna, da hunturu ƙura ce abokiyar gaba. Ya bushe, ka sa shi a leda mai zif tare da ƙullin silika. In ƙwayoyin silikar sun sauya launi, sun sha ruwa ke nan, canza su. Daga nan sai firiza, kuma kada a riƙa narkarwa ana mayarwa. Kowane faranti ya ɗauki samfurin da aka san yana da cutar da wanda aka san ba shi da ita, in ɗayansu ya kauce a zubar da sakamakon farantin duka.

Kada ka bar antibodi ya yanke hukunci shi kaɗai. A Filato da Nasarawa, inda aka daina rabon maganin makantar kogi a 2018, da kuma Nijar da aka tabbatar ta rabu da cutar a Janairun 2025, an haɗa gwajin yara da binciken baƙin ƙudan da ke yaɗa cutar. In 'yan yara kaɗan suka nuna Ov16, koma ƙauyen, ka ɗan yanki fatarsu a yi PCR, gwajin da ke gano ƙwayoyin halittar tsutsar kanta, ka kuma tambayi iyayen inda yaron ya taɓa zama.