Yadda za a haɗa tashar jirgin ƙasa da sufurin cikin garin Maraɗi

Layin dogon da ake shimfiɗawa daga Kano, wanda zai ratsa Kazaure, Daura, Katsina da Jibiya ya tuƙe a Maraɗi, tsawonsa kusan kilomita 284 ne, kuma kamfanin Mota-Engil ne ya karɓi kwangilarsa a 2021. Shimfiɗa ƙarfe aikin injiniyoyi ne. Abin da ke wuyan ma'aikatar magajin gari shi ne yadda fasinja zai tashi daga bakin tasha ya kai unguwannin Zariya da Bagalam ko babbar kasuwa ba tare da ya galabaita ba. Abuja ta buɗe jirginta na cikin gari a 2018, amma da yake tashoshi da dama suna nesa da gidajen jama'a, fasinja ya yi ƙaranci.

A fara da lissafin ƙafa. Mai lafiya yana cin mita 800 cikin minti goma. Mai buhu a ka, ko mace mai goyo a zafin bazara, a rage musu rabi. Duk unguwar da ta zarce haka abin hawa take buƙata.

Jirgi ba ya sauke mutane ɗai-ɗai, gaba ɗaya yake juye su. A ce mutum 300 suka sauka, rabinsu na neman adaidaita. Uku-uku da kayansu, adaidaita 50 ke nan, kowace tana cin wajen mita uku, wato layin mita 150, ko layi uku masu mita 50. A tanadi wannan filin tun a zane, da rumfa, a ware wa 'yan kabu-kabu gefensu. Wurin saukewa daban, wurin ɗauka daban, a shiga ta ƙofa ɗaya a fita ta wata. In an haɗe su, wanda ya sauke fasinja ba zai gusa ba sai ya samu wani, cikin minti biyar ƙofa ta toshe. A zauna da ƙungiyoyin direbobi kafin a zuba siminti, don in aka ajiye su nesa da ƙofa, bakin kwalta za su koma. Kuɗin kowace unguwa kuma a rubuta shi a allo, da sefa da naira.

Motocin Tasawa, Damagaram, Dakoro da Yamai su samu wurin lodi a harabar tasha, kada matafiyi ya sake hawa babur da kayansa. A sa tashinsu kamar minti 45 bayan isowar jirgi, saboda duwan (wato kwastan) da binciken takardu suna cin lokaci.

Albasa, wake, aya da dabbobi ƙofarsu daban, da hanyar da za ta kai tireloli babbar hanyar Yamai zuwa Damagaram ba tare da sun kutsa tsakiyar gari ba.

Inda dogo ya tsallaka hanya, nan rai ke salwanta. Jirgin kaya mai nauyi yana iya cin fiye da kilomita ɗaya bayan an danna birki. Hanya mai cunkoso gada take so. Ƙanana a sa musu shinge, ƙararrawa da mai gadi. Burtali a bar masa mashiga ta ƙarƙashi, mai faɗin da amalanken shanu zai wuce, in ba haka ba masu kiwo za su yanke waya su ratsa. Tudun dogo kuma yana tare ruwa kamar madatsa. Maraɗi, garin da ambaliyar Gulbi ta sa ya hau tudu a 1945, ba ya buƙatar a faɗa masa wannan: a yi kwalbatoci wadatattu, a kwashe yashi da leda daga cikinsu kowace shekara kafin damina.

Faɗin dogon Kano milimita 1435 ne, na Yamai zuwa Dosso kuwa 1000. Taragon wannan ba ya hawa wancan, don haka a killace fili kusa da tasha, na sauya kaya ko na ƙarin layi, tun kafin a yanka shi fulotai.