Darasi na Tara: Idan Sitiyari Ya Fara Rawa a Babban Titi

Mota ce lafiya lau a cikin garin Kaduna. Daga Kawo zuwa Kasuwar Bacci ba ta ce uffan ba. Amma da an hau titin Zariya ko na Abuja, allurar maleji ta kai 90, sai sitiyari ya kama karkarwa kamar mai masassara, har madubi yana rawa. Direbobi da yawa daga nan sai gareji, su ce wa bakanike, "Oga, a yi mini alaimen." A biya kuɗi, a koma titi, rawa tana nan. Wannan darasi zai koya maka yadda za ka gano inda ciwon yake kafin ka zaro ko naira ɗaya daga aljihu.

Kalmomin darasi, a karanta su da ƙarfi sannan a kwafa a littafi: sitiyari, taya, wili, noti, birki, totur, dalma, boris, tayarod, balansin, alaimen.

Me ya sa sai an yi gudu?

Ɗauki taya mai lamba 195/65 R15, irin wadda ake gani a ƙananan motoci da yawa. Kewayenta kusan mita 2 ne. Idan mota tana gudun kilomita 100 a awa, tayar tana juyawa kusan sau 14 a cikin daƙiƙa ɗaya. To a ce wani gefen wili ya fi ɗaya nauyi da giram 30 kacal, abin da bai kai nauyin ƙwan kaza ba. A wannan gudun, ɗan nauyin nan yana fizgar ƙafar motar da ƙarfin da ya haura kilo 4, sama da ƙasa, sau 14 kowace daƙiƙa. Tayarod, wato sandar da ke haɗa sitiyari da ƙafar mota, shi ne ke ɗauko wannan fizga ya kawo ta hannunka.

Ga abin lura: idan gudu ya ninka sau biyu, fizgar ninkawa take yi sau huɗu. Shi ya sa a gudun 50 ba ka jin komai, a 100 kuma hannu ya yi tsami. Sau da yawa rawar takan tsananta tsakanin 80 da 110, in an wuce nan ta ɗan lafa. Lafawar ba warkewa ba ce, kuma ba a gwada ta. Iyakar gudun da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta sa wa motar gida a babban titi na ekspres 100 ne, tasi da bas kuwa 90.

Tambayoyi uku kafin a taɓa sifana

Nemi wuri mai santsi a titi, da rana, babu cunkoso, ka ɗaura bel, ka kashe rediyo. In da hali ka ɗauki wani ya riƙe biro da takarda.

Ta farko: a wane gudu rawar ke farawa? In ba ta zuwa sai an kai 80 ko sama, zargi ya fi faɗawa kan balansin, wato daidaiton nauyin wili. In kuwa tun a gudun 20 ko 30 sitiyari yana lilo hagu da dama a hankali, kamar motar tana ɗingishi, to taya ce ta kumbura ko wili ya lanƙwashe.

Ta biyu, wadda ta fi kowace muhimmanci: me ƙafarka ke yi lokacin da rawar ta zo? In sai ka taka birki take zuwa, ka saki ta tafi, maganar faifan birki ce, wato faifan ƙarfen da takalman birki ke matsewa. In sai ka danna totur, musamman a hawa ko da kaya, ka ɗaga ƙafa ta yi shiru, a duba shaf, wato sandar da ke kai ƙarfi daga giya zuwa ƙafa, da kuma robobin da injin ke zaune a kansu. In ba ruwanta da birki ko totur, gudu kawai take bi, koma kan taya da wili.

Ta uku: a ina kake jin ta? A hannu, ƙafafun gaba ne. A kujera da ƙasan mota, galibi na baya ne.

Wanda ya amsa waɗannan uku ya yi rabin aikin bakanike.

Abin da za ka duba da kanka a ƙofar gida

Fara da notocin ƙafa, domin su ne masu kisa. Sa wil sifana ka gwada kowane ɗaya. Noti mai sako-sako yakan zo da ƙara, ƙwas-ƙwas, kuma wani lokaci za ka ga jan tsatsa ya zubo daga raminsa. In an same shi, motar ba ta motsawa sai an ɗaure. Ana ɗaurewa ne a tsallake, kamar zanen tauraro, ba bi da bi ba, don wili ya zauna daidai. Yawancin ƙananan motoci ƙarfin ɗaurinsu yana wajen 100 zuwa 110 a ma'aunin Nm, wato ma'aunin ƙarfin murɗa noti. Ɗabi'ar nan ta zura dogon bututu a sifana, yaron shago ya hau yana tsalle, tana miƙar da kusoshi, tana kuma iya karkatar da faifan birki.

Sai iska. Adadin da motarka ke so yana rubuce a 'yar takarda a jikin ƙofar direba, yawanci tsakanin 30 da 35 a ma'aunin iska na PSI. Lambar da ke jikin taya ba ita ba ce, wannan iyakar abin da tayar za ta iya ɗauka ce. A auna da safe kafin taya ta yi zafi, kuma da geji, ba da bugun sifana ana sauraren ƙara ba. Mai faci da ya cika maka 50 don "ta yi ƙarfi" bai taimake ka ba: motar za ta riƙa tsalle, tsakiyar taya ya cinye, kowane ɗan rami ya iso hannunka.

Yanzu leƙa cikin wili ta baya. Da damina, duk wanda ya shiga lungunan Rigasa ko hanyar gona ya san yadda jar laka ke maƙalewa. Ta bushe a gefe guda a cikin wili, ta zama nauyin da babu wanda ya auna. Sau tari rawar da ta fara bayan ruwan sama wanki kawai take nema. Ka ce wa mai wankin ya sa ruwa ta cikin wilin, ba fuskarsa kaɗai ba. A nan kuma ka duba ko dalma, wato ɗan nauyin da ake mannawa a wili don daidaita shi, ta faɗi: za ka ga wani ɗan wuri mai tsabta a bakin wili, ko sauran gam inda take manne.

Daga nan shafa taya da tafin hannu, zagaye ɗaya, a hankali saboda waya na iya fitowa ta yanke ka. Abin da kake nema shi ne kumburi a gefe kamar ƙwai, ko wani tudu a kan shimfiɗar da ke taka ƙasa, ko zanen taya da ya karkace kamar maciji. Wannan alama ce cewa wayoyin ciki sun rabu da roba, yawanci bayan an faɗa rami da gudu ko an daɗe ana tafiya da ƙarancin iska. Irin wannan taya ba ta da magani. Ba a yi mata faci, ba a sa mata tib, ba a mayar da ita baya a ce ai ba ta gaba ba ce. A zafin Maris da Afrilu, kwalta ta ɗau rana, ita ce ke fashewa. A sa safaya a je a sayi wata.

In hannunka ya ji tudu da kwari, tudu da kwari, a jere, to shokozoba ta mutu, tayar tana tsalle a kan titi maimakon ta kwanta.

Karanta shekarun taya

Wannan sashe na koyon lamba ne. A gefen kusan kowace taya akwai rubutu da ya fara da DOT, a ƙarshensa lambobi huɗu. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. 2321 na nufin an yi ta a mako na 23 na shekarar 2021. Jami'an kiyaye haɗurra suna ɗaukar taya a matsayin wadda ta gama aiki in ta cika shekara huɗu daga ranar da aka yi ta. Tayoyin Beljiyam da yawa zanensu na da kyau a ido, amma sun sha ajiya an danne su a kwantena, wasu an cusa ɗaya cikin ɗaya, sun fita daga da'ira. Kafin ka biya, a Panteka ne ko a ko'ina, karanta lambar, kuma ku yi sharaɗi da mai kaya cewa in ta ƙi zama a injin balansin za ka dawo da ita. Zurfin zane kuma kada ya gaza milimita 1.6.

Gwajin da ba ya cin kuɗi

In ido bai ga komai ba, mayar da tayoyin gaba baya, na baya gaba, kowace a ɓangarenta. Sake hawa titi. Rawa ta bar sitiyari ta koma kujera? Ka kama ɓarawo, yana cikin biyun da ka mayar baya. Ta tsaya a hannu yadda take? To ba taya ba ce, a nemi abin a ƙarƙashin mota.

Motar da ta yi makonni a ajiye kuma, tayarta kan baje a inda ta zauna. Wannan rawar takan tafi da kanta bayan tafiyar kilomita 10 zuwa 20.

Balansin daban, alaimen daban

A nan ne kuɗin mutane ke tafiya. Alaimen saita fuskar ƙafafu ne don su kalli hanya ɗaya. Shi ne maganin motar da ke ja gefe, ko sitiyarin da ya karkace, ko taya mai cinyewa ta gefe guda. Da wuya ya kashe rawa. Maganin rawa balansin ne, wato a ɗora wili a injin da ke juya shi, ya nuna inda nauyi ya gaza, a manna dalma a wurin.

Kada ka tafi shan shayi lokacin da ake yi. Tsaya ka ga an cire tsofaffin dalma tukuna, an kankare laka, an zaƙulo tsakuwar da ke cikin zane. Lokacin da wilin ke juyawa, sa ido a bakinsa. In yana sama da ƙasa ko yana lilo gefe da gefe, ya lanƙwashe, kuma dalma ba ta miƙar da ƙarfe. Wilin ƙarfe ana iya buga shi ya dawo. Na alminiyam in ya tsage, canji ya fi walda. Bayan an manna dalmar, a sake juyawa, injin ya nuna sifili a ɓangarorin biyu, ko abin da bai wuce giram 5 ba. In injin ya nemi nauyi mai yawa, kusan giram 100 a ƙaramar taya, kada a tara mata dalma kamar 'yan kunnen amarya. A sace iska, a juya tayar rabin zagaye a kan wili, a sake aunawa. Sabuwar taya mai ɗigon rawaya a gefe, ɗigon yana zama ne daidai da bakin bawul.

In kuma duk juyi injin yana ba da lamba daban, akwai abin da ke yawo a ciki. Yawanci ruwa ne daga tankin iskar mai faci da ba a tsiyayewa, ko tib da aka cusa a tayar da ba ta tib ba. Sai an buɗe.

Masu sayen wilin ado na wata mota su lura: in ramin tsakiyarsa ya fi na motarka faɗi, wilin ba zai zauna a tsakiya ba sai an sa masa zobe, kuma notocin dole su dace da shi. In ba haka ba, injin zai nuna sifili, titi ya ƙaryata shi.

A ƙarƙashin mota

Wannan aikin gareji ne, amma ya kamata ka san abin da ake yi. A ɗaga gaba da jak a kan ƙasa mai tauri, a tokare da abin tokara na ƙarfe, a sa dutse a tayar baya. Ba a shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita.

A kama taya ta hagu da dama a girgiza. In akwai wasa, tayarod ne ko sandar da ke bayansa. A kama ta sama da ƙasa a girgiza. In akwai wasa, boris ne, wato abin da wili ke juyawa a kansa, ko boljoyin, gaɓar da ke riƙe ƙafar mota. Boris yakan yi gurnani mai ƙaruwa da gudu, kuma sautin na sauyawa in an karya kwana. A duba robar shaf: in ta yage, giris ya fantsama a cikin wili, ƙura ta riga ta shiga. Waɗannan kayan in sun saki suna ƙara wa ƙaramar rawa girma, shi ya sa wani zai yi balansin sau uku a banza. Bayan an canza tayarod, a nan ne alaimen ya zama dole.

Faifan birki kuwa, abin da ke sa shi rawa shi ne kaurinsa ya bambanta daga wuri zuwa wuri, ko da da kaurin gashin kai ne. Ana iya goge shi a injin in da sauran nama. Iyakar sirancin da aka yarda da shi yana rubuce a jikinsa, in ya kai nan sai sabo. Ana canza hagu da dama tare, da sabbin takalman birki, kuma a goge tsatsar mazauninsa kafin a ɗora. Akwai kuma birkin da ke maƙalewa: mota ta fara lafiya, bayan minti 10 ko 15 rawa ta taso, ka tsaya ka ji ƙauri, wili ɗaya yana huci ya fi sauran. Kusanta bayan hannu kawai, kada ka taɓa.

Aikin aji

Rubuta jimla uku da za ka faɗa wa bakanike, kamar haka: "Oga, tana farawa a 90. Birki ba ya ƙara ta, totur ma haka. A hannu nake ji, ba a kujera ba."

Taya mai lamba 0819, a wane mako da wace shekara aka yi ta? Yaushe ta cika shekara huɗu?

An sa dalma giram 15 a waje da 20 a ciki a ƙafar dama, 10 da 25 a ta hagu. Giram nawa ke nan duka?

Kafin zama na gaba, kowa ya kwafo lambobi huɗu na tayoyin wata mota ko Keke Napep a unguwarsu, ya zo da su a rubuce.