Yadda Hedimasta Zai Gano Yaran da Karatu Ya Bari a Baya

A ƙarshen kowane zango malamin aji yakan tara makin jarrabawa, ya fitar da na ɗaya da na ƙarshe, ya cika katin sakamako. Wannan lissafi ba ya gaya wa hedimasta waɗanne yara ne suke faɗuwa, balle dalilin faɗuwarsu. Manufar ilimi ta Najeriya ta tanadi malami ɗaya ga yara 35 a firamare, amma a makarantar gwamnati inda aji ya cika har wasu suna zaune a ƙasa, yaro yana iya kaiwa aji huɗu bai iya haɗa baƙi ba, kuma babu wanda ya lura.

A fara da rajistar aji. A gaban sunan kowane ɗalibi a rubuta shekarunsa, da harshen da ake yi a gidansu, da unguwa ko rugar da yake fitowa, da kuma ko yana talla, ko kiwo, ko zuwa gona. A tambayi iyaye cikin ladabi, kada abin ya zama tamkar tuhuma.

Daga nan sai gwajin karatu, wanda a ganina shi ne ginshiƙin aikin. Malami ya zauna da yaro shi kaɗai na minti biyar, ya miƙa masa takarda mai ɗauke da haruffa, da kalmomi, da gajeren labari na Hausa, ya saurara ya ji inda harshensa ya tsaya. Wani zai karanta labarin tiryan-tiryan, wani kuma zai ɗora yatsa a kan "ɓ" ya yi shiru yana kallon malam. A rubuta matakin kowa, domin makin jarrabawa yakan ɓoye yaron da ya haddace abin da ke kan allo ba tare da ya iya karantawa ba.

Idan aka jera wannan sakamako kusa da rajistar halarta, abubuwa da yawa za su fito fili. Sau da yawa za a tarar fashin makaranta ya taru a ranar kasuwa ko lokacin shuka da girbi, ko kuma 'yan mata sun fara raguwa daga aji biyar. Ɗan Fulani da ya tashi da Fulatanci yana iya yin shiru a aji saboda harshe, a ɗauka rashin ƙoƙari ne, alhali abin da yake buƙata shi ne a ƙara masa lokacin magana da sauraro.

Kada a karanta sunayen masu rauni a taron safe. Alƙaluma kawai za a kai wa kwamitin kula da makaranta, inda mai unguwa da iyaye mata za su iya shawo kan matsalar talla, sannan a aika kwafi ga sakataren ilimi na ƙaramar hukuma domin neman ƙarin malamai, tunda dokar ilimin bai-ɗaya (UBE) ta 2004 ta wajabta ilimin tushe kyauta ga kowane yaro. A ware rabin sa'a kullum ana koyar da yara rukuni-rukuni bisa matakin karatunsu, a kuma maimaita gwajin a ƙarshen zango mai zuwa.