Yadda ake jagorantar muhawara kan halascin ɓallewa daga ƙasa

Duk wanda aka ɗora wa shugabancin zaman muhawara kan ɓallewa, ko a kulob ɗin matasa na Gadarif ne ko a zauren wani dattijo a Mai Wurno, duka a ƙasar Sudan, ya fara da raba tambayar gida uku: shin an zalunci masu neman ɓallewa, shin doka ta ba su hanya, sannan me ya biyo baya. Idan aka cakuɗa su, kwana za a yi ana musu, kowa yana amsa tambayar da ba a yi masa ba.

Tambayar doka ce ta fi cancantar lokaci. Mai cewa ɓallewa ba ta halatta ba zai dogara da ƙudurin Alƙahira na 1964, inda Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka ta amince a mutunta iyakokin da aka gada lokacin samun 'yanci, kuma shi ne ya ɗaure wa Biyafara hannu bayan Ojukwu ya ayyana ta a 1967, domin ƙasashen Afirka huɗu kacal suka amince da ita. Abokin karawarsa zai kawo Sudan ta Kudu. A nan shugaban zama ya nemi a fayyace cewa yarjejeniyar 2005, wadda John Garang, jagoran 'yan tawayen Kudu, da Ali Usman Taha, mataimakin shugaban Sudan na lokacin, suka sa wa hannu, ita ce ta tanadi ƙuri'ar raba gardama ta Janairun 2011, inda fiye da kashi 98 cikin ɗari suka zaɓi rabuwa, Khartoum kuma ta karɓi sakamakon. A ganina yardar gwamnatin tsakiya ce ta bambanta Sudan ta Kudu da Biyafara, kuma mahawarcin da ya tsallake wannan gaɓa bai yi shiri ba.

Batun zalunci kuwa, a nemi hujja mai shekara, kamar warware yarjejeniyar Addis Ababa ta 1972, wadda ta ba Kudancin Sudan ikon cin gashin kai, da shugaban Sudan na lokacin, Numairi, ya yi a 1983. Yaƙin da ya ɓarke a Kudu a Disambar 2013 a ajiye shi sai an zo tambaya ta uku, domin mugun sakamako ba ya soke halascin ƙuri'a.

Ba a rasa dattijon da ya yi rashin ƙane a fagen daga. Idan ya miƙe muryarsa na rawa, a ajiye agogo, a ce, "Baba, muna saurare," sai ya zauna sannan a koma kan tambayar da ake ciki.