Yadda Ake Auna Amincin Fim Ɗin Gwaraza ga Littafin Zanen da Aka Ɗauko Shi

Duk lokacin da Marvel ko DC, kamfanonin Amurka masu buga littattafan zane na gwaraza, suka saki sabon fim, kafin a kwana biyu masu kallo sun rabu gida biyu, wasu na cewa an ci amanar littafin, wasu kuma na cewa ai fim daban, littafi daban. Gardamar ba ta cika kai wa ko'ina ba, domin kowa da ma'aunin da yake riƙe da shi. Akwai hanyar da mai kallo zai bi ya yanke hukuncin da zai iya karewa da hujja, kuma ba sai ya haddace dubban mujallu ba kafin ya bi ta.

Abu na farko shi ne ka tambayi kanka wane littafi ake nufi. Waɗannan gwaraza ba a rubuta labarinsu sau ɗaya aka rufe ba. Mujalla ce mai shafi ashirin da 'yan kai da ke fitowa wata-wata, marubuta da masu zane suna karɓa daga hannun juna shekara da shekaru. Superman ya fara bayyana a 1938, daga hannun Jerry Siegel da Joe Shuster, kuma a lokacin ba ya tashi sama, dogon tsalle yake yi. Dutsen kryptonite da kowa ya sani da raunana shi a shirin rediyo ya fara fitowa a 1943, daga baya mujallar ta ɗauka. Batman, wanda ya zo a 1939, ya riƙe bindiga ya kuma yi kisa a labaransa na farko, kafin a kafa masa ƙa'idar nan ta ƙin ɗaukar rai wadda masoyansa ke rantsuwa da ita a yau. A 1985 zuwa 1986 ma kamfanin DC da kansa ya rushe tarihin duniyar gwarazansa ya sake gina shi. Saboda haka idan wani ya ce maka fim ya saɓa wa asali, ka nemi ya faɗi shekara da sunan marubuci. Sau da yawa za ka tarar asalin da yake nufi shi ne wanda ya karanta yana yaro. Wani lokaci ma ruwan daga allo yake gangarowa zuwa takarda: Harley Quinn a shirin zane na talabijin aka ƙirƙire ta a 1992, kafin ta shiga mujallu.

Da ka gano littafin, sai ka duba ko labari ne kammalalle mai farko da ƙarshe, ko kuwa mai ci gaba ne. Hukuncinsu ba ɗaya ba ne. Labarin da ya shekara sittin yana tafiya dole a tsinci abin da za a tsinta a cikinsa, domin fim na sa'a biyu da rabi ba zai ɗauke shi ba. Kammalallen labari kuwa yana da haƙƙi mai nauyi a kan wanda ya ɗauke shi, kuma a nan ne misalin Watchmen yake da amfani. Alan Moore da Dave Gibbons sun fitar da shi kashi 12 tsakanin 1986 da 1987, Zack Snyder kuma ya mayar da shi fim a 2009, inda ya riƙa kwaikwayon hotunan littafin kusan ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya ɗora shafi kusa da allo zai ga tufafi iri ɗaya, tsayuwa iri ɗaya, har da kalamai. Amma ƙarfin littafin yana cikin abin da takarda kaɗai ke iya yi. Mafi yawan shafukansa an raba su gida tara daidai wa daida, kuma a kashi na biyar an tsara shafukan yadda na farko ke fuskantar na ƙarshe kamar mutum da madubi, sai mai karatu ya juya baya ya sake dubawa kafin ya lura. Mai kallo ba shi da wannan damar. Bugu da ƙari, faɗan da littafin ya nuna da muninsa, fim ɗin ya rage masa gudu ya ƙawata shi har ya zama abin sha'awa. A ganina wannan ya fi illa a kan sauya ƙarshen labarin da aka yi ta surutu a kai. Ka riƙe wannan misalin duk lokacin da aka ce maka fim ya yi aminci don kawai hotunansa sun yi kama da na littafi.

Mataki na gaba shi ne ka kasa sauye-sauyen da ka gani kashi uku: na kama da sutura, na wuri da zamani, da kuma na hali da dalili. Kashi biyun farko ba su cancanci dogon tashin hankali ba. Wolverine na littafi gajere ne, tsawonsa kamar santimita 160, Hugh Jackman da ya fito a matsayinsa tun daga 2000 kuma ya haura 185, ga shi an tuɓe masa rigarsa mai ruwan ɗorawa an sa masa baƙar fata. An yi ƙorafi sosai, amma zafin ran da kaɗaicin da suka sa ake son gwarzon suna nan, shi ya sa mutane suka karɓe shi. Haka Iron Man, wanda a mujallar 1963 a yaƙin Biyetnam aka kama shi, fim ɗin 2008 ya mayar da abin Afganistan, kuma babu abin da ya zube, domin har yanzu mai ƙera makamai ne da ya ɗanɗana kuɗar abin da ya ƙera.

Kashi na uku ne wurin da ya kamata ka tsaurara. Hanyar gane halin gwarzo ita ce ka nemi abin da idan aka cire shi, sunan kawai zai rage. Ɗauki Spider-Man na Stan Lee da Steve Ditko, 1962. Ɓarawo ya wuce ta gabansa a guje, mai bin sa yana kiran a tare shi, Peter Parker, wato Spider-Man ɗin, ya ƙi ko miƙa ƙafa domin a ganinsa ba ruwansa, ɓarawon ya faɗa cikin na'urar hawa bene ya tsere, daga baya kuma shi ne ya kashe Ben, kawun Peter. Wannan nadamar ita ce ƙashin bayan labarin. Fim ɗin Sam Raimi na 2002 ya sa yanar gizo tana fita daga jikin yaron maimakon na'urar da ya ƙera da hannunsa, abin da ya ɓata wa mutane da dama rai, amma ya riƙe wancan lokaci na ƙin tare ɓarawo, don haka ya tsira. Kwatanta shi da abin da aka yi wa Deadpool a fim ɗin 2009, gwarzon da duk shahararsa a kan surutu take, aka wayi gari an rufe masa baki. Wannan kam cin amana ne, kuma sai da fim ɗin 2016 ya zo aka gyara ɓarnar.

Kowane sauyi da ya rage a hannunka, ka tambaye shi abin da ya saya da kuɗin da ya kashe. Thanos na littafin Jim Starlin na 1991 ya hallaka rabin halittu ne don ya burge Mutuwa, wadda aka siffanta a matsayin mace da yake so. Fim ɗin 2018 ya ba shi dalilin cewa halittu sun yi wa arziƙin duniya yawa. An yi asarar wani abu mai ban tsoro da ban mamaki, amma an sami mugu wanda mai kallo zai fahimta cikin minti biyar ba tare da an gabatar da sabuwar halitta ba. Mutum na iya cewa cinikin ya faɗi ko ya yi riba, muddin ya ƙirga ɓangarorin biyu. Akwai kuma sauyin da barin sa ne zai zama laifi. M'Baku na littattafan Black Panther laƙabin gwaggon biri yake ɗauke da shi, kuma fim ɗin Ryan Coogler na 2018 ya yar da laƙabin ya mayar da shi shugaban ƙabila mai mutunci, domin kowa ya san tarihin kwatanta baƙar fata da biri.

Wajen aiwatarwa, ka fara kallon fim ɗin ba tare da littafin a zuciyarka ba, ka ga ko ya tsaya da ƙafarsa. Bayan haka ka nemo ainihin jerin mujallun da aka fi jingina da su, ka karanta, ka rubuta sauye-sauyen da ka gani a takarda, kowanne ƙarƙashin kashinsa. Sannan ka sami wanda bai taɓa buɗe littafin ba amma ya kalli fim ɗin, ka ce ya faɗa maka cikin jimla biyu wane ne wannan gwarzon da kuma abin da ya sa yake yin abin da yake yi, ka ɗora amsarsa kusa da abin da ka rubuta a kashi na uku.