Shawara ga mai son haɗa sabar ajiya da kallon finafinai a gida

Jama'a, tsohuwar kwamfutar ofis ta wadatar, irin Dell OptiPlex ko HP da ake samu na hannu a Kasuwar Gumi ta Kaduna. Ku nemi mai Intel Core i5-7500 ko sama, RAM 8GB. Quick Sync, fasahar sarrafa bidiyo ta Intel da ke cikinta, na iya sauya bidiyon HEVC (wani tsarin matse bidiyo) ya dace da waya, ba sai an sayi katin zane ba. Ku ɗauki doguwa mai tsayuwa, siririyar sau da yawa babban faifai ɗaya kacal take ɗauka.

Ku saka OpenMediaVault, manhajar da ke tafiyar da sabar ajiya, a ƙaramin SSD (faifai mai sauri), sannan manhajar Jellyfin don kallo. Ana buɗe Jellyfin a burauza da adireshin sabar da lambar ƙofa (port) 8096.

Faifai ne inda ake yawan tafka asara. Kafin ku biya, a duba shi da CrystalDiskInfo, manhajar duba lafiyar faifai, a gabanku. In ya nuna launin rawaya, ku bar wa mai shago kayansa komai araharsa. Faifai biyu a RAID 1, wato kowanne kwafin ɗayan ne, na kare ku in ɗaya ya mutu, amma abin da kuka goge da kuskure ya tafi a duka biyun. Hotunan biki da takardu, ku ajiye kwafi a waje.

Ɗaukewar wuta ana cikin rubutu na lalata fayil, don haka UPS, na'urar batir da ke riƙe wuta in an ɗauke, dole ne. A BIOS, wato saitin farko na kwamfuta, ku saita ta kunna kanta in wuta ta dawo, ku canza ƙaramin batirin CR2032 da ke cikinta in ya mutu, in ba haka ba saitin zai riƙa gogewa.

Ku haɗa kwamfutar da rauta ta hanyar kebul na Cat6, kada ku dogara da Wi-Fi. Lokacin hunturu kuma ƙura na toshe fanka, a busa ta duk wata.