Babi na Bakwai: Idan Sikeli Ya Tsaya Bayan Tiyatar Rage Tumbi

Wannan darasi na waɗanda aka yi wa tiyatar rage tumbi ne saboda ƙiba, da masu jinyarsu, da duk wanda yake da irin wannan majinyaci a gida. A da sai dai mu ji labarin aikin daga ƙasashen Turawa. Yanzu kuwa akwai mutanenmu da suke zuwa Masar ko Indiya ko Turkiyya a yi musu, wasu kuma a Legas ko Abuja. Su dawo gida Zariya, mako biyun farko nauyi yana ta zuba, 'yan dubiya suna ta barka. Ana shiga mako na uku sai sikeli ya kafe. A hau yau, a hau gobe, lamba ɗaya yake nunawa. Nan ne hankali yake tashi, kuma nan ne mutane suke yi wa kansu ɓarna.

Me aka yi wa tumbin?

Likita yana yanke kashi 75 zuwa 80 cikin ɗari na tumbi, ya fitar da shi gaba ɗaya. Abin da ya rage siriri ne, dogo, kamar ayaba. Ba a taɓa hanji. Ɓangaren da aka cire shi ne yake samar da mafi yawan wani sinadari mai suna girelin, wanda yake sa mutum jin yunwa. To ga tumbi ya zama ƙarami, ga yunwa ta ragu. Tumbin yana iya ɗan buɗewa bayan shekaru, amma ba a mako uku ba. A wannan lokaci ma a kumbure yake, ɗinkin bai gama warkewa ba.

Dalilin da ya sa sikeli yake tsayawa

Sikeli ba kitse kaɗai yake aunawa ba. Yana auna ƙashi da tsoka da jini da ruwa, har da abin da yake cikin hanji wanda bai fita ba tukuna. Wanda ya riƙe wannan ya fahimci rabin darasin.

Jiki yana da ajiyar sukari a hanta da tsoka, likitoci suna kiranta gilaikojin. A jikin babban mutum takan kai kusan rabin kilo. Ba a bushe take ba: kowane giram ɗaya yana riƙe da kamar giram uku na ruwa. Idan abinci ya yanke, kamar yadda yake faruwa kafin tiyata da bayanta, wannan ajiya jiki yake fara cinyewa. Tana ƙarewa ruwan da take riƙe da shi yana fita ta fitsari. Saboda haka kusan kilo biyu daga abin da ya zube da farko ajiyar sukarin nan ce da ruwanta, ba kitse ba. Murnar makon farko, a gaskiya, ta ɗan yi yawa.

Wajen mako na uku mutum ya bar ruwa-ruwa zalla, ya fara cin abinci mai laushi. Jiki sai ya fara mayar da ajiyar sukarinsa, tare da ruwanta. Kitse yana narkewa, ruwa yana dawowa, sikeli ya haɗa biyun ya nuna maka lambar jiya.

Ga lissafin da zai kwantar da hankali. Ƙarfin da abinci yake ba jiki ana auna shi da kalori. Babban mutum mai jiki yana ƙone sama da kalori 2,000 a rana. A makonnin farko bayan tiyata, abin da yake shiga cikinsa da wuya ya kai 800. Ina jiki zai samo cikon? Mafi yawa daga kitse.  Kilo ɗaya na kitse yana ɗauke da kusan kalori 7,700, don haka narkewarsa a hankali take, amma ba ta tsaya ba.

Akwai ƙananan dalilai kuma. Bayan gida yakan yi tauri saboda ƙarancin abinci da maganin ƙarin jini da wasu magungunan kashe zafi. Mace takan tara ruwa kwanaki kafin al'ada. Romo mai gishiri da dunƙule da yawa shi ma yana sa jiki ya riƙe ruwa. Tsayawar takan ɗauki kwanaki kaɗan zuwa mako biyu ko uku, sannan nauyi ya ci gaba da sauka. Za ta sake faruwa nan gaba, ba sau ɗaya ba.

Karatu

A karanta wannan hira da ƙarfi, mutum biyu-biyu. Wata Hajiya ce a Tudun Wada da ƙanwarta, ma'aikaciyar jinya.

"Sannu da jiki, Yaya. Na ga kin yi shiru."

"Ke dai bari. Kwana goma ke nan sikelin nan bai motsa ba. Kuɗin da aka kashe, filin da Alhaji ya sayar, ashe duk a banza?"

"Sau nawa kike hawa a rana?"

"Da asuba, da azahar, sai kuma in zan kwanta."

"Haba Yaya, ai ko mai lafiya ya yi haka sai ya ruɗe. Zoben nan na hannunki, ba shi ne ya ƙi shiga da ƙaramar salla ba?"

"Shi ne. Yanzu har juyawa yake yi."

"To ina naman yatsan ya tafi? Me kika ci yau?"

"Ban ci komai ba. Na ce bari in rage, ko ya motsa. Maƙwabciyata ma ta aiko min da wani shayi, ta ce kwana uku teɓa za ta zube."

"Don Allah Yaya kada ki sha. Kawo in gani. Sannan bari in dafa miki ƙwai."

Abubuwa biyu da Hajiya ta ambata, wato ƙin cin abinci da shan shayin rage ƙiba, su ne mafi haɗari a wannan lokaci. Wanda yake cin loma huɗu ya ƙoshi, me zai rage kuma? Idan ya daina ci, jiki zai koma cin tsokarsa, ɗinki ya yi jinkirin warkewa, ƙarfi ya ƙare. Tsoka kuwa tana cikin abubuwan da suke ƙone kalori, duk wanda ya rasa ta ya rage wa kansa gudun ramar da yake nema. Shi kuma shayin rage ƙiba da jiƙe-jiƙen da ake talla a kasuwa da cikin waya, da yawansu maganin wankin ciki ne irin su filasko, ko masu sa yawan fitsari. Sikeli zai sauka kam, amma ruwan jikinka ne ya tafi, kuma ƙarancin ruwa yana cikin manyan dalilan da suke mayar da masu wannan tiyata gadon asibiti.

Abin da za a yi

Na farko ruwa. Ana son lita ɗaya da rabi zuwa biyu a rana. Ledar fiya wata yawanci rabin lita ce, ke nan leda uku zuwa huɗu. Ba a kwankwaɗa, kurɓa ake yi kaɗan-kaɗan tun safe har dare. Kada a haɗa ci da sha: a dakata da ruwa minti 30 kafin abinci da minti 30 bayansa, don tumbin ba shi da wurin duka biyun. Da bazara zafi yana tuna wa mutum ƙishirwa. Da hunturu ne ake shammatar mutane, iska tana busar da jiki ba tare da an ji ba. Dubi fitsarinka. Idan ya yi ja kuma ya yi kaɗan, ruwan bai isa ba.

Na biyu abinci mai gina jiki, wato furotin. Likitoci suna neman giram 60 zuwa 80 a rana. Ƙwai ɗaya yana da giram 6. Kofin madara ko kindirmo yana da kamar giram 8. Dafaffen kifi ko tsokar kaza giram 100 yana ba da kamar giram 20 ko sama da haka. Akwai alala, akwai awara wadda ba a soya ba, akwai wake da aka dafa ya yi lugub aka dame. Duk wannan sai likitanka ya ce ka kai matakinsa, domin ana hawa ne daki-daki: ruwa-ruwa, sai markaɗaɗɗe, sai mai laushi, sai abincin kowa wajen mako na shida zuwa na takwas. Idan an zauna ci, a fara da furotin. Tuwo da shinkafa da burodi su jira. Tsire da kilishi su ma su jira, ko da ƙanshinsu ya biyo ka har gida.

A nan ne gidajenmu suke da matsala ta musamman. Mu idan an ce mutum ba ya iya cin abinci, sai a dama masa koko da sukari, a kawo fura, a kawo kunun gyaɗa, a haɗa shayi mai kauri da madarar gwangwani, 'yan dubiya su zo da lemon kwalba da maltina. Duk ƙauna ce. Amma abu mai ruwa ba ya tsayawa a ƙaramin tumbi, wucewa yake yi, mutum ya sha kofi bayan kofi bai ji ya ƙoshi ba. Wanda ƙwai ɗaya yake cika wa ciki zai iya shanye sukari mai yawa a yini. Idan tsayawar sikeli ta daɗe, wannan ne wuri na farko da za a duba. Lemo mai gas kuma ba a son sa kwata-kwata, yana kumbura ciki. Zoɓo a sha shi ba sukari. Mai jinya ce za ta tsaya a kan wannan, don majinyaci yana jin nauyin ya ƙi abin da surukarsa ta damo da hannunta.

Na uku tafiya. A fara da zagaya tsakar gida, minti biyar ko goma, sau da yawa a rana. A riƙa ƙarawa har a kai minti 30. Namiji ya taka zuwa masallaci maimakon hawa babur. Amma ban da ɗaukar kaya mai nauyi, ban da jan ruwa a rijiya, ban da daka, har sai an yi mako huɗu zuwa shida ko likita ya ba da izini.

Sikeli kuma sau ɗaya a mako ya isa. Rana ɗaya, da safe, bayan an zagaya, kafin a karya, da kaya marasa nauyi, a kan daɓen siminti ba a kan darduma ba. A rubuta a littafi. A sayi tef irin na tela a riƙa auna ƙugu da cinya da damtse duk bayan mako biyu. Sau da yawa tef yana nuna ragi a makon da sikeli ya ƙi motsi.

Ramar wannan tiyata aikin shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi ne, mafi yawanta a wata shidan farko. A ƙarshe yawancin mutane suna rage kashi 25 zuwa 30 cikin ɗari na nauyinsu. Wanda ya fara da kilo 160 zai fi wanda ya fara da 110 zubar da kilo, kuma maza sukan fi mata saurin ramewa. Kada ki gwada kanki da wadda kuka kwanta ɗaki ɗaya a asibiti.

Lokacin da ba a jira

Tsayawar sikeli ba ciwo ba ne. Waɗannan kuwa na gaggawa ne: zazzaɓi, bugun zuciya da ya wuce 120 a minti ɗaya, ciwon ciki mai tsanani ko ciwon kafaɗar hagu, numfashi sama-sama, kumburin ƙafa ɗaya mai zafi, baƙin bayan gida, ko amai da ya hana ko ruwa zama. Ɗinkin tumbi yana iya yoyo, jini yana iya daskarewa a jijiya. Yawan amai kuma yana ƙarar da bitamin B1, rashinsa yana taɓa ƙwaƙwalwa da jijiyoyi. Kada a tsaya a kemis. A wuce babban asibiti, kamar Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, a tafi da takardun tiyatar.

Wanda aka yi wa aiki a wata ƙasa ya nemi likita a nan gida tun yana lafiya, wanda zai riƙa duba jininsa. Mai ciwon suga ko hawan jini yana buƙatar a sake duba magungunansa da wuri, domin adadin da yake sha a da zai iya yi masa yawa yanzu. Magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac suna iya jawo gyambo a tumbin, a guje su. Bitamin da aka rubuta, shan su na tsawon rai ne. Mace ta jinkirta ɗaukar ciki wata 12 zuwa 18. Idan azumi ya zo a watannin farko, a tambayi likita kafin a ɗauka, kuma malamai sun san hukuncin mara lafiya. Idan sikeli ya yi wata guda zuwa mako shida bai motsa ba, tef ma bai nuna komai ba, a rubuta duk abin da aka ci da wanda aka sha na kwana uku, har kofin shayi, a kai wa likita ko masanin abinci.

Aiki

1. Ga misali. Wani ya shiga tiyata da kilo 120. Mako na ɗaya 115, na biyu 112, na uku 112, na huɗu 112 da rabi, na biyar 110. Kilo nawa ya rage gaba ɗaya? A waɗanne makonni sikeli ya tsaya? Faɗi dalili ɗaya da zai sa rabin kilo ya ƙaru.

2. Wata ta ci ƙwai 2, ta sha kindirmo kofi 2, ta ci kifi giram 100. Furotin giram nawa ta samu? Saura nawa ta kai 60? Me za ta ƙara daga abin da ake samu a kasuwar unguwarku?

3. Rubuta alamomi huɗu da za su sa a tafi asibiti nan take.

4. Goggonka ta kawo fura da sukari don majinyacin gidanku. Rubuta jimla biyu da za ka faɗa mata ba tare da ranta ya ɓaci ba.